Sunan Ɗan Fari a Saman Fayyum

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ban san wanda ya kafa dokar ba, na dai tarar da ita, na kuma riƙe ta fiye da yadda na riƙe karatun boko, wanda na ajiye a aji huɗu na bi kawuna na zama yaron mota. Babban ɗana kuwa abin ya haɗe masa biyu: shi ne na fari, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Saboda haka tun yana rarrafe har ya tara gemu, “kai” nake ce masa. In ba ya wurin, “yaron nan.” In wani ya yabe shi a gabana, sai na duƙar da kai na duba takalmina. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba.

A majalisarmu ta ƙofar gida ni ne alƙalin wannan fanni. Akwai wani abokina tela da aka taɓa gani ya saɓa ɗan farinsa a kafaɗa zuwa kantin magani. Ɗan nasa yanzu har ya aurar da 'ya, amma duk ranar da telan ya zo ya zauna, sai na gyara murya na tambaye shi ko kafaɗar ta warke.

A shekarar 2014 yanar ido ta rufe mini idanu, har na fara gaida turmi ina zaton maƙwabciya ce a tsugune. Yaron nan yana karatu a Alƙahira lokacin, yana haya da iyalinsa a unguwar Ainu Shams, a wani bene mai matakalar da ke sa tsoho ya tuna zunubansa. Ya aiko aka sa ni a jirgi. Wani likita a unguwar Mohandessin ya kankare mini idon dama, bayan an kwana biyu ya kankare na hagu. Ranar da aka cire audugar, abin da na fara gani tar shi ne fuskar yaron nan a kusa da tawa, da furfura a gefen gemunsa. Ban san ya yi furfura ba. Na kau da kai na ce a gaya wa likita fankarsa ta yi ƙura.

Maigidan da yake haya a wurinsa wani Bamisire ne mai jiki, tsohon malamin makaranta, mai dariya da dukan cikinsa. Da aka yi hutu ya ce sai mun bi shi ƙauyensu a Fayyum, wai sabon ido yana bukatar kore. Gaskiya ya faɗa. Gonaki ne shar, ruwa na bin 'yan magudanai a tsakaninsu, ga dabino, ga ɓaunar da suke tatsa kamar saniya ba ta ko harararsu. Da safe aka shimfiɗa tabarma aka ajiye faranti ɗaya mai faɗi, da wata gurasa mai ninki-ninki da suke kira fatir, tana naso da man shanu, ga zuma. Kowa ya miƙa hannu. Ni na yagi nawa na koma gindin bishiya.

Maigidan ya dube ni, ya dubi yaron nan, ya yi wata magana. Larabcina na salla ne da na cinikin tsaraba a Makka, don haka yaron nan ne tafinta.

“Baba, yana tambaya wai ko fushi kake yi da ni.”

“Ce masa fatir ɗin ya yi daɗi.”

Ya gaya masa. Maigidan ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ci.

Ana nan sai ya zo da labarin wani abokinsa da ke da ɗan ƙaramin jirgi a bakin tafkin da ke gaba da ƙauyen, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido su leƙa ƙasar daga sama. A shekarun nan baƙi sun yi ƙaranci, jirgin yana zaune. Yaron nan ya tsuguna nesa kaɗan, kamar yadda ya saba, ya ce, “Baba, in ba za ka ji tsoro ba...”

Da bai sa wannan kalmar ba da na ce a'a cikin mutunci. Na tuna masa cewa ni na tuƙa gingimari ɗauke da shanu daga Arewa zuwa Kurmi tun kafin uwarsa ta yi wayo, na sauka gangaren da direbobi ke yin wasiyya kafin su kama shi, na je Hajji ta sama na dawo ta sama. Na ce a fito da jirgin.

Aka fito da shi kuwa, kuma mutum ɗaya ne ya jawo shi da hannu daga rumfa, kamar mai fito da akuya. In aka cire fukafukan bai kai tasi ba. Kujera huɗu. Na nufi ta gaba, kusa da direban, don kada a haɗa ni da wanda bai kamata a haɗa ni da shi ba. Direban ya auna mu da ido ya girgiza kai: maigida mai nauyi shi ne a gaba, mu biyu a baya. Na tattare babbar rigata na shiga. Kafaɗata a jikin kafaɗarsa, gwiwata a jikin gwiwarsa, babu inda zan matsa. Sannan aka ce na cire hula don a sa mini wani abu mai toshe kunnuwa da ɗan tsinke a bakin leɓe. Ga ni kai ba hula a gaban ɗan fari. Na ɗauka abin don ƙarar inji ne kawai. Ba wanda ya gaya mini duk abin da mutum ya furta yana zuwa kunnen sauran ukun. Haka kuma ban kula da wani ɗan abu kamar kwalin ashana da aka manna a gilashi yana kallonmu ba.

“Yalla,” in ji direban.

Ba zan ci amanar tafiyar ba, farkonta ya yi kyau. Gonakin suka koma kamar tabarmar da aka saƙa da kore iri-iri. Na ga jaki da mai shi kamar tururuwa biyu, na ga mata suna wanki a bakin ruwa, na ga inuwar jirginmu tana tsallake rufin gidaje. Abin da ya fi ba ni mamaki, inda koren ya ƙare ba a hankali ya ƙare ba. Kamar an sa wuƙa an yanke: nan gona, nan rairayi har ƙarshen gani. Mutumin da watan jiya yake gaida turmi, yau yana ƙirga bishiyoyin dabino daga sama. Na ce a raina Alhamdulillahi. A fili kuwa na ce, “Wannan ai ko tudun Jos ya fi shi.”

Da muka shiga saman rairayin sai jirgin ya fara rawa, yana faɗawa rami yana fita, alhali ba hanya bare rami. Na daure. Sai direban ya so ya nuna mana tafkin da kyau. Ya kwantar da jirgin gefe, tagata ta koma ƙasa, ruwa ya cika ta. A daidai nan kuma ya rage wutar inji.

Shi ya san abin da yake yi. Ni kuma na san abin da na sani: in kana kan gangare da kaya, ka ji inji ya yi shiru, to ta ƙare. Ƙafata ta dama ta shiga neman birki a ƙarƙashin kujerar maigida. Babu.

Na so a ce kalmar shahada ce ta fara fita daga bakina. Ita ta zo ta biyu. Abin da ya fara fita sunan yaron nan ne, cikakkensa, da ƙarfi, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ban tsaya a sau ɗaya ba. Na damƙi hannunsa da hannuwana biyu, na kifa goshina a kafaɗarsa, na ce kada ya sake ni.

A cikin kunnena, tar kamar rediyo, na ji ya ce, “Na'am, Baba. Ina riƙe da kai.”

Injin ya dawo da muryarsa. Jirgin ya miƙe. Direban yana cewa, “Tamam, ya Hajj, tamam, ma'alish.” Maigida kuwa dariya yake yi har jirgin na amsawa. Ya juyo da ƙyar ya yi wata 'yar gajeriyar magana da sunan a cikinta, wadda ban nemi tafinta ba: ashe dai na san sunan.

Sauran tafiyar ban ga komai ba. An ce mun wuce ta kan wani wuri mai kyau. Ni bayan kujera nake kallo. Na zare hannuna a hankali, kamar ɓarawon da ke mayar da kaya.

Da muka sauka, direban ya ciro kwalin ashanar nan, ya yi 'yan danne-danne, ya tura wani abu a wayar yaron nan, kyauta. A nan na fahimci hoto ne mai motsi, da murya. Na kuma san hanyar da irin wannan abu ke bi. Daga wayarsa zuwa ta matarsa, daga ita zuwa ƙannenta a gida, daga su zuwa tsakar gidana, daga nan kafin magariba yana shagon tela.

Bayan la'asar na same shi shi kaɗai a bakin magudanar ruwa, ya sa wayar a kunne. Da ya gan ni ya sauke ta ya tsuguna.

“Kai.”

“Na'am.”

“Wannan abin da mutumin ya ba ka. Goge shi.”

Yaron nan bai taɓa musa mini ba. Na ce ya tafi allo ya tafi, na ce ya auri 'yar wane ya aura. Ya dubi ruwan ya ce, “Baba, ka yi haƙuri.”

“Haƙurin me? Ka danna ne kawai.”

“Ba wanda zai gani. Ko ita ba zan nuna mata ba.”

“To in ba wanda zai gani, ajiyarsa na mene ne? Gado za ka bar wa 'ya'yanka, kakansu yana ihu ba hula?”

“Ba kallo zan yi ba. Ji zan riƙa yi.”

Na gyara hulata, wadda ba abin da ya same ta. Ya ɗan yi murmushi, har yanzu bai ɗago ba.

“Da ina ƙarami, na ɗauka mantawa ka yi da shi.”

“Ni na sayi ragon,” na ce. “Zan manta?”

Na yi niyyar ta fito a wasa, amma ba haka ta fito ba. Kunyar da na ji a jirgi ta mutum uku ce. Wannan ta bakin ruwa ban san ta wa ba ce, ta kuma fi nauyi. Wata ɓauna ta tsaya a ƙetare tana tauna tana kallonmu. Na daɗe ina kallonta, don ita ce abin da ya fi sauƙin kallo a wurin.

“In na ji labarin nan a bakin tela,” na ce, “ba ni ba kai.”

“Ba za ka ji ba.”

Da daddare aka ajiye farantin nan mai faɗi. Na tashi zan yagi nawa, maigida ya kama gefen rigata ya zaunar da ni, ya ce “Halas,” wato ya isa haka. Na ci a nan. Na dai zaɓi gefen da ya fi nisa.

Labarin bai taɓa isa shagon tela ba. Da na dawo gida, ranar farko a majalisa, ya zo ya zauna ya gyara kafaɗa yana jiran tambayarsa. Na tambaye shi iyali. Ya dube ni da kyau ya ce, “Alhaji, Masar ɗin ido ta gyara maka ko baki ta ɗinke?” Na ce likita ya hana ni yawan magana.

Har yau ban sake kiran sunan ba, bakin ba ya ɗauka. Yaron nan yakan bugo ranar Juma'a. In na ɗaga na ce, “Kai ne?” ba ya cewa “ni ne” kamar da. “Na'am, Baba,” yake cewa, da irin muryar da na ji a saman tafkin nan. Ni kuma sai na duƙar da kai na duba takalmina, na tambaye shi yara.