Gajeriyar Ƙofar Sarkin Yaƙi

Gidan da na tashi a Kaura Namoda wani sarkin yaƙi ne ya gina shi tun kafin zuwan Turawa, kakan kakata. Gandunsa magada sun yayyanka, turakun dawakinsa awaki suka gada. Abin da ya rage daram shi ne zaure mai kaurin bango da ƙofarsa wadda ba ta wuce ƙirjin babban mutum ba. Da gangan ya gajarta ta, don maƙiyi ya shigo a sunkuye. Maƙiya dai sun ƙare, sai goshinmu. Kowa a gidan yana da tabonsa.

Da aka ba mu jiha, babana ya sami aiki a Gusau, ya dawo da sabon babur da sabon tumbi. Babur ya ƙi shiga, kullum sai ajiya a maƙwabta. Ya ɗauko magina a faɗaɗa ƙofar. Kakata, wato uwarsa, ta shimfiɗa tabarma a bakinta ta zauna tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, zamani ya canza," in ji shi.

"Awo. Shi zamanin shi duƙa shi shigo."

Magina suka ci tuwo suka tafi.

Da Shari'a ta zo ya samo sabuwar dabara. Ya shigo da fuskar malamai, wai bai halatta Musulmi ya sunkuya wa kowa ba sai Allah.

"Wa anka ce ka duƙa ma?" ta ce. "Goshinka kaka ceto. In kana son lada, tai tsaye ka shigo mu gani."

Na yi dariya har na sha ranƙwashi. Amma gaskiya bayansa nake, don na tsani ƙofar nan, ta sha fasa mini tulu. Ya ce a gabana, ranar da tsohuwa ta kau, ƙofa ta kau.

Ta rasu bayan girbi. Da aka zo fita da makara, ba ta wucewa a kafaɗa. Wani ya ce a kawo diga a sare sama kaɗan. Sai babana ya matso. Ya kama gaban makarar ya durƙusa, sauran suka bi, manyan ma'aikata da limamai duk a kan gwiwa. Hularsa ta faɗi, bai waiwaya ba.

Babur ɗin a gidan maƙwabta ya tsufa.