Baba Mai Ƙofa, Wanda Ya Leƙa Bayan Tukunyar Ƙarfe

Kafin kowa ya iso ɗakin bincike, Baba Mai Ƙofa ya riga ya rataye hularsa, ya gwada jiniya, ya gwada fitilun gargaɗi. A ɗakin nan ake harba hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, amma wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Jikata Auta tana aiki a can. Ta ce iska suke fesawa cikin wata tukunyar ƙarfe, hasken ya bugi ƙananan ƙwayoyinta, ya fizge musu wani ɓurɓushi, su lanƙwashe, su tarwatse. Wai ƙiftawar ido a wajensu kamar shekaru ce. Na riƙe baki. Na ce, "Ke Auta, abin da ba a gani kuke ɗauka hoto?"

Hasken da ke tarwatsa ƙwaya ba zai ƙyale mutum ba. Shi ya sa ba a kunnawa sai Baba ya zagaye ɗakin da ƙafarsa, ya leƙa kowane lungu, ya durƙusa ya duba ƙarƙashin tebur, yana kira, "Akwai mutum?" Sannan ya ja ƙofar dalma ya kulle. Matasan wurin kan tsokane shi: "Baba, aljanun sun amsa?" Ya ce, "Sun ce a gaishe ku."

Ranar da abin ya faru, lokacin da aka ba su Auta na amfani da hasken ya kusa ƙarewa, wasu na jiran layi. Bakin fesa iskar ya toshe, ta shiga ta gyara. Kowa ya ɗauka ta fito ta wuce banɗaki. Abokin aikinta ya ce, "Baba, kyamara ta nuna ba kowa, don Allah a rufe."

"Kyamara ba ta da gwiwa, ɗana."

Ya shiga. A bayan tukunyar, tsakanin bututu da bango, ya hango tafin takalmi. Innalillahi! Auta ce kwance, jiri ya kayar da ita, ko motsi ba ta yi. Ashe ƙaramin ciki ne da ita, ita kanta ba ta sani ba. Waɗanda ke wurin sun ce ihun da ya yi ya fi jiniyar ƙara. Abokin aikin nata kuwa zama ya yi a ƙasa.

Da na je yi wa Baba godiya, cewa ya yi, "Hajiya, bar zancen nan. Har yau in na tuna, abinci ba ya shiga."

Kai ne, Baba, mai tsaron ran da bai san ana tsaronsa ba. Sunanka ba ya cikin takardun da suke wallafawa, ga shi za ka ajiye aiki da ciwon gwiwa. Na gode, na gode. Allah Ya tsare naka kamar yadda ka tsare nawa.

Ku kuma da za a miƙa wa makullin, in ana azalzalar ku, ku ƙyale su su yi fushi, ku shiga ku duba. Yaron da ke cikin Auta a ranar, yanzu yana kan cinyata, yana ja mini ɗankwali.