Kaset Ɗin Inna Da Ya Rage

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin ɗaukar hoton Inna ba. Bana shekara ashirin ke nan da rasuwarta, Allah Ya ji ƙanta, amma har yau in na tuna sai in ji gajiyar a kafaɗata.

Ni ba ɗan boko ba ne, hoto na koya a Birnin Kudu. Da aka ba mu jihar Jigawa aiki ya buɗe, yau biki gobe taro, har na sayi kyamarar bidiyo ta hannu. Babanmu ya rasu ba shi da hoto ko ɗaya, fuskarsa ta ɓace mini. Na ce ta Inna ba za ta bi ta ba. Duk damina da duk kaka sai in tafi garinmu Sara in ɗauke ta, hoto da bidiyo, tana dafa kalwa, tana shanya daddawa, tana tsufa.

Matsalar, ni ne ɗan fari. Inna ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni. Ina ɗaga kyamara sai ta juya wajen ƙanwata Hajara.

"Hajara, ce da wancan ya kau da madubinsa, ina da aiki."

"Inna, ai ga shi a gabanki, ki faɗa masa mana."

"Ke ma Allah Ya ba ki naki, mu ga bakinki."

Shi ya sa duk abin da na tara gefen fuska ne, kunne da tsagar kumatu. Wata rana na gaji, na ɗora kyamarar a kan turmi tana ɗauka, na tafi masallaci. Da na saka kaset ɗin a gida, sai ga Inna ta gyara mayafi ta kalli gilashin sosai. Ta ba da labarin shekarar da ƙyanda ta kama "wani yaro", yadda ta goya shi ta taka a ƙasa har bakin titi tana taɓa ƙafarsa ko ta yi sanyi. A ƙarshe ta ce, "Wannan na 'yan gida ne, ban da bare."

Yanzu hotunan sun koɗe, fumfuna ta cinye sauran kaset-kaset ɗin. Wannan kaɗai ya rage. Na kai wa Sunday mai gyaran rediyo a bayan tasha, shi ne mai tsohon bidiyon da ke motsi. Ya duba zaren ya girgiza kai.

"Maigida, zagaye ɗaya ya rage masa, shi ma sai an yi sa'a. In za a juye a waya, to a wannan zagayen ne."

'Ya'yana suka ce a juye, su ma su san kakarsu. Hajara ta ce, "Yaya, yau ka juye, gobe tana wayar masu shayi a Gwaram. Matar da kai ma ba ta yarda ka kalle ta ba?"

Na san yaran nan, ba mugunta gare su ba, amma hannunsu ba ya riƙe abu. Ina tunanin yadda Inna za ta ga zamanin da mutum ke ɗaukar kansa yana cin tuwo ya tura wa duniya. Mayafi za ta ja. To amma ni ma tsoro nake ji. Muryarta ta fara yi mini nisa, in kaset ɗin ya tsinke ba inda zan sake jin ta. Abinci ma ya daina shiga.

Da na zauna na auna, abin da ya rage na Inna ba fuskar ba ce, kunyarta ce. Hajara ta yi nata ɗan farin, ga shi har da gemu, ba ta taɓa kama sunansa ba. Mace irin Inna in ta ce ban da bare, ban ga yadda zan tsallake ba, ko da ni ne zan yi asara.

Washegari da safe na ɗauki Sunday da bidiyonsa muka tafi Sara. Ya haɗa bidiyon da talabijin a tsakar gida, ya nuna mini inda zan danna, ya koma zaure. Na tara 'ya'ya da jikoki, na ce su buɗe ido da kunne, don ba maimaici. Na ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, duk mai shiga ya jefa wayarsa. Tawa ce ta fara shiga.