Wata bakwai ban ɗaga Baba ba

Masu tambaya ko na mutu, ban mutu ba. Wata bakwai na yi shiru don ban san ta inda zan fara ba. Yanzu ma ina rubutun nan a tsaye, zama mai tsawo bai karɓe ni ba tukuna.

Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce. Inna na goge masa jiki kullum, amma wankan Juma'a ya ce ni kaɗai zan ɗauke shi zuwa banɗaki. Ba ya son Inna ta sha wahala, ba ya son maƙwabta su ga tsiraicinsa. Duk Alhamis nakan baro makaranta a Birnin Kudu in tafi Gwaram saboda wannan wankan.

Shi ya sa na shiga ɗakin motsa jiki na kwalejinmu. Koci ya ce in fara da ƙarfen hannu mara nauyi. Na raina ƙarfen, na koma kan inji, inda kake zama ka tura lamba ta hau. Cikin wata huɗu ina tura kilo ɗari da ƙafa. Har hoto na sa muku a nan, kuka yi ta kirana zaki.

Da hutu na je bayan garejin unguwarmu inda samari ke ɗaga ƙarfe. Nasu ba inji ba ne, siminti ne aka zuba a bokitin fenti biyu, aka soka rodi a tsakani. Gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kowa a wurin ya sani, ni ne kawai ban sani ba.

"Ɗan kwaleji, a hankali fa," in ji Iliya makanike.

Na sunkuya na fizga. Rodin ya karkata hagu, na bi shi. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.

Washegari babban yatsan ƙafata ta hagu ya mutu. Kwana uku, ciwo ya sauko daga ƙugu har dunduniya kamar an zura waya mai zafi.

Kawu ya kai ni wurin mai ɗori. Ya kwantar da ni rub da ciki, ya taka bayana. Da ƙafata na shiga, a kafaɗar Kawu na fito.

A asibitin Birnin Kudu hoton ƙashi bai nuna komai ba. Aka tura mu Kano, aka cusa ni cikin wata na'ura mai ƙara. Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ya goce ya danne jijiya. "Idan fitsari ya fara kufce maka, ka dawo nan take, tiyata ce." Daga ranar kowane fitsari sai na tsaya na saurari jikina. Na ji tsoro sosai.

Abin da ya fi cina kuwa Juma'a ce. Ina kwance a ɗakin zaure ina jin Inna tana lallashi: "Malam, bari Kawunsu ya ɗauke ka." Baba ya ƙi. Sai ƙarar bokiti ana mayarwa.

Mai yi mini gashin ƙashi a asibiti, Malam Habu, ya yi dariya da na ce inji ne ya cuce ni. "Inji ba ruwansa. Shi ke riƙe maka hanya, kai turawa kawai kake. Ƙarfen hannu kai za ka riƙe shi kar ya kauce. Babanka a kan layin dogo yake kamar inji?"

A kan injin ma ya fara da ni, don shi ne ba zai karkata da ni ba. Daga nan ƙarfen hannu kilo biyu, wanda na raina. Daga nan buhun gero kwata, sannan rabi, in rungume shi a ƙirji, in lanƙwasa gwiwa, in miƙe. Na ƙosa, na yi fushi, sau biyu na ce na daina.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da Kawu da Malam Habu, da Iliya da ya fasa wancan simintin da guduma.

'Yan ɗakin motsa jiki: lambar inji ba ƙarfinku ba ne a waje. Ku haɗa da ƙarfen hannu, daga ƙarami, koci na kallo. Idan ƙafa ta mutu ko tana tsitsitsi kamar ana soka allura, asibiti za ku nufa, kar a taka muku baya.

Juma'ar da ta wuce na shiga ɗakin Baba. Na durƙusa, na rungume shi, na miƙe da gwiwa. Ya fi rabin buhun sauƙi, kuma hakan bai yi mini daɗi ba.

A banɗaki na zuba masa ruwan farko. Ya rufe ido ya daɗe. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Sani, cuɗa bayan da kyau. Wata bakwai ke nan."