Gawar Sati Sai Dusa Ta Narke

Sati ɗan Mangu ne. Na san shi tun ranar da ya sauka unguwarmu ta Hor Al Anz da jaka ɗaya. Gida ɗaya muke haya, katako ne kawai ya raba ɗakina da nasu shi da matarsa Saratu. Aikinsa gyaran dusar ƙanƙara. E, a Dubai ɗin nan. Akwai wani katafaren kanti da aka gina tudu a cikinsa, inji yana feso dusa, masu hali suna sulu a kai, a waje kuwa rana tana gasa mutane. Su Sati ke baje dusar su daddale ta.

Nakan tsokane shi. "Sati, ka gudo daga sanyin Filato, ka zo hamada ka shige firji?"

"Anti Tabitha, firjin nan ke ciyar da mu. Ni yanzu ko ido a rufe na taka dusa na san lafiyarta."

Ya yarda da haka, ogansa ma ya yarda. Ogan yana kai masu kuɗi yawon duwatsun ƙasar Jojiya da hunturu, sai ya ɗauki Sati dakon kaya, wai ga gwani a gida. Sati har da aiko mana hoto.

Wani ɗan Nepal da suka yi dakon tare shi ya zo ya ba mu labari. Ya ce jagoransu, ɗan garin, ya haƙa rami a dusar ya nuna musu. Ta sama sabuwa ce mai nauyi, iska ta tara ta. Ta ƙasa tsohuwa ce, warwas kamar sukari. Ya ce ba su kama juna ba, mutum ɗaya ya taka gangaren nan, duk za ta zame. Shi dai jagoran ba zai hau ba. Baƙi suka ɓata rai, don hutunsu ya kusa ƙarewa. Oga ya juya ya ce, "Yalla, maza Sati, kai ne mai dusa. Me ka gani?"

Ku gaya mini, wane ɗan arewa ne ubangidansa zai tambaye shi gaban baƙi ya ce bai sani ba? Haka aka raine mu, wai abin kunya ne. Sati ya dunƙula dusar a hannu, ya tattaka ta yadda yake yi a kanti, ya ce mai kyau ce. Kuma ta saman mai kyau ce ɗin! Ta kanti a kan daɓe take kwance, ba ta taɓa tashi ta bi mutum ba. Wa ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ta dutse hawa-hawa ce?

Shi aka sa gaba ya buɗe hanya. Suka ji wani gum a ƙarƙashin ƙafa, gangaren ya tsage, ya tafi da Sati cikin kwari. Akwai na'urar da ake ratayawa a ƙirji don a gano wanda dusa ta binne. Baƙi aka rataya wa. Ɗan dako ba ya cikin lissafi.

Masu ceto sun nema har suka haƙura. Sun ce kwarin ba ya shiguwa, sai dusa ta narke.

Saratu abu ɗaya take so, ta kai gawar mijinta Mangu. Uwarsa ta rantse ba za a yi zaman makoki ba sai ta ga ɗanta. Amma kamfani ya soke bizarsa, tata kuwa a jikin tasa take.

"Anti, in na tafi, wa za su kira in sun same shi?"

"Ni mana."

"Ke da ko sunan ƙauyen da abin ya faru ba ki iya faɗa ba?"

Gaskiyarta. Na kira ogan har ya daina ɗauka. Ranar da na tare shi a bakin ofis, cewa ya yi, "Khalas mama, magana ta ƙare, shi ya ce mai kyau ce."

Na raka Saratu filin jirgi da akwatin kayan Sati. Ta isa Mangu, surukarta ta hana a buɗe shi. Lambata ce yanzu a hannun masu ceton, in ma sun rubuta ta daidai.