Mayafin da na saya wa Hajiya a tsibiri

Jirgin ruwanmu na yawon shaƙatawa ya tsaya a wani tsibiri mai farin yashi. Na shiga shago, na sayi shuɗin mayafi, irin wanda mahaifiyata ke so.

Sani, abokin aikina a Doha, ya ce, "Tsarabar wa?"

Na ce, "Ta Hajiya mana."

Ya sunkuyar da kai. Sai na tuna. Tun lokacin korona aka binne ta a Zariya, ni ina nan, jirage ba sa tashi.

Shi ya lallashe ni na biyo shi, wai a kan teku mutum yana manta komai. Bai yi ƙarya ba.

Mayafin yana akwatina. Jama'a, wa zan kai wa?