Malama Halimatu, Mai Ajin Japananci a Setapak

Wai Malama Halimatu tana sa yaranmu su yi mata sujada. Haka maganar ta iso mini a wani gidan suna a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur, ana tsakiyar raba shinkafa. Aka miƙo mini waya. Bidiyon gajere ne, daga bayan aji aka ɗauke shi. Yarinya ce cikin dogon hijabin makaranta, gwiwoyinta a ƙasa, kanta a sunkuye, Malama tana zaune a kujera a gabanta. Ba a ganin fuskar yarinyar, ba a jin komai sai ƙugin fanka.

"Kin gani ko, Hajiya?" in ji Rabi, mai wayar. "Haka Japanawa ke yi wa gumakansu. Mun ce yara su ɗauki Faransanci, harshen aiki, sun ƙi. To ga abin da kallon katun ya jawo."

Na ce, "Rabi, kin taɓa zuwa Japan?"

"Allah Ya kiyaye."

"Ajin fa, kin taɓa leƙawa?"

"Hajiya ke ma dai! Ga abu a waya ƙuru-ƙuru."

Na daɗe ina aikin duba makarantu a Kano kafin in ajiye in biyo ɗana nan Kuala Lumpur, kuma ban taɓa yanke wa malami hukunci ban zauna a ajinsa ba. Sai na shirya na tafi.

Ga wanda bai san wurin ba, ƙaramar sakandare ce mai zaman kanta a Setapak, a saman jerin shaguna. Can 'yan kasuwarmu da masu karatun digiri na biyu da na uku suke kai 'ya'yansu. Bayan Turanci da Malay, dole kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya cikin uku: Faransanci, Sifaniyanci ko Japananci. Iyaye Faransanci suke so, wai saboda aikin ƙungiyoyin duniya, ko da yake ban ga wanda ya iya lissafa mini yara nawa Faransancin sakandare ya kai can ba. Samari Sifaniyanci suke bi saboda ƙwallo. Japananci kuwa an ɗauke shi ajin wasa, na yaran da katun ya ɗauke wa hankali.

Mai wannan ajin 'yar Ringim ce. Ta bi mijinta, marigayi Injiniya Abdulgani, zuwa Japan lokacin da yake karatu. Harshen a kasuwa ta fara tsintarsa, da asibitin awon ciki, da bakin ƙofar makarantar renon yaranta, daga baya ta zauna ta karance shi ta ci jarrabawarsa. Da aiki ya kawo mijin jami'ar da ke titin Jalan Semarak suka dawo nan. Ya rasu, ita ta zauna, ta riƙe ajin nan fiye da shekara goma.

In ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki lema da jakarta ta gangara tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati. Akwai wani mamak a ƙasan makarantar, irin wuraren cin abincin Indiyawa Musulmi ɗin nan, da ya san odarta tun kafin ta buɗe baki: shayi mai madara a leda, da roti, wato gurasarsu, fiye da cin mutum ɗaya. Ragowar ta yaran da suka fito gida ba karyawa ce, kuma ba ta taɓa tambayar yaro dalili. Ajinta na can ƙarshen baranda, kusa da tankin ruwa, ɗakin da sauran malamai suka ƙi saboda zafi. Ita ke share shi. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta cika allo da baƙaƙen nan nasu masu kama da tafin kaza, kowanne da 'yan lambobi a gefe masu nuna layin da za a fara ja da wanda zai biyo.

Ranar da na je, kujeru da yawa babu kowa, domin iyaye sun riga sun fara kwashe 'ya'yansu. Na zauna a baya. Darasin gaisuwar safe ta Japananci Malama take maimaita musu, tana tambaya suna amsawa.

"*Ohayo*, wa ake ce wa?"

"Aboki!"

"*Ohayo gozaimasu* fa?"

"Babba!"

Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna yadda ake gai da babba a gidansu. Wata 'yar Malay ta kama hannun Malama ta kai goshinta. Wani ɗan Yaman ya nuna yadda ake sumbatar kan kaka. Aka zo kan wani sabon ɗalibi, Bilya, ɗan mutanenmu.

"Bilya, da safe me kake ce wa babanka?"

"*Morning, Dad.*"

"Shi fa ya ce me?"

"*Morning.* In yana kan waya kuma ya ɗaga hannu."

Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba. Malama ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya ga wata yarinya, Hadiyya, wadda ta daɗe a ajin, ta ce ta taimaka masa.

Hadiyya ta ce, da Hausarta mai ɗan tsami, har da "lah" ɗin nan da 'yan Malay ke liƙa wa magana, "Ƙarami shi ke cewa 'ina kwana'. Babba ne ke cewa 'ka tashi lafiya'. Kada ka juya, lah, kakarka za ta ce ba ka da tarbiyya."

Malama ta ce, "To haka Japanawa ma. Wanda bai san nasa ba, ta ina zan shigar masa da nasu?"

Maganar rusunawa kuwa, a gabana ta gaya wa sababbin ɗalibai cewa Japanawa suna sunkuyawa in za su gaisa, su san da haka don kada su je su yi ƙauyanci, amma a ajinta hannu a ƙirji ya wadatar. Yaran da suka daɗe sun ce haka take faɗa kowace shekara.

Na bi sauran malaman harsuna. Madam Aminata, 'yar Senegal mai koyar da Faransanci, ta ce yaranmu sun daɗe suna ba ta ciwon kai. Faransanci yana da "kai" na tsara da "ku" na girmamawa, su kuwa da na tsara suke yi wa kowa magana, har shugabar makaranta. Ta yi bayani da Turanci har ta gaji, Turanci kuma ba shi da wannan bambancin. Wata rana Malama Halimatu ta tara su a baranda ta tambaye su, "Kun taɓa jin an ce 'Baba sun fita', alhali Baba mutum ɗaya ne?" Madam ta ce daga makon nan matsalar ta ragu. Mai Sifaniyanci ma da ya ga haka, sai ya riƙa turo mata nasa.

Na sami Alhaji Iro, ɗaya daga cikin iyayen, a shagonsa na yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Da bakinsa ya ba ni labarin ranar da ɗansa Aliyu ya karɓi waya ya gai da kakarsa da ke Bichi, ya ce, "Hajiya ina wuni, an yini lafiya, ya ƙarfin jiki?" Tsohuwa ta yi ta kuka, tana tambaya wa ya koya masa.

Na ce, "Wa ya koya masa?"

Ya sosa ƙeya. "Ita ce dai."

"Yanzu Aliyu yana ajin?"

"Hajiya, kin san halin mutanenmu. Kowa ya cire nasa, in na bar nawa sai a ce na fi kowa sani. Ga shadda sabuwar shigowa, in nuna miki?"

Shugabar makarantar, wata Bamalayiya mai sanyin murya, ba ta ɓoye mini komai ba. Yawancin ɗaliban Japananci 'yan Najeriya ne. "Ni ban ga laifinta ba, lah," in ji ta. "Amma aji babu yara, *tak boleh*." Wato ba zai yiwu ba. Ƙarshen wannan zangon za a rufe ajin, Malama kuma ta ce za ta koma Ringim. A takardar makaranta an rubuta ritaya.

Na koma na sami Malama ita kaɗai tana goge allo.

"Malama, abin da ke cikin bidiyon nan ya faru?"

"Ya faru, Hajiya."

"Sujada ce?"

"Subhanallahi. A'a."

"To mene ne? Ki fito ki faɗa mana, magana ta mutu."

"Ba tawa ba ce da zan faɗa. Yarinya ce ta roƙe ni, na ce mata to."

"Ajinki fa za a rufe. Sunanki fa ake ja a ƙasa."

"Na sani." Ta ajiye tsumman. "Ga shayi, sai dai ya huce. A zuba?"

Halimatu Sadiya, ke ce kika ɗauki ajin da muka raina kika mai da shi wurin da 'ya'yanmu suka fara jin cewa harshen iyayensu ma yana da tsari da ladabi. Ke ce kike ciyar da yaran masu digiri da safe ba tare da kin bari iyayen sun ji ba. Mun kawo miki su don su koyi harshen wata ƙasa mai nisa, kin haɗa musu da na gida ba mu biya ba, ba mu ma lura ba. Da aka taso miki, gidajenmu duka cikin tafiyar jirgi ɗaya suke da ajinki, amma a waya aka yi shari'ar aka gama. Kin ji duk abin da aka faɗa a kanki, har da na waɗanda suka ci abinci a gidanki ranar rasuwar mijinki, kin zaɓi ki rasa aiki da ki tona asirin yarinya.

Mun gode, Malama, ko da yake godiyar ta zo a makare kuma da kunya muke yin ta. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan Injiniya, Ya kai ki Ringim lafiya. Malamai masu tasowa, in kuna neman wanda za ku kwaikwaya, tana nan a ƙarshen barandar har ƙarshen zango. Iyaye kuma, ku hau jirgi ku je ku ba ta haƙuri ido da ido, kada ku tura saƙo. In kun dawo gida, ku ajiye waya ku amsa gaisuwar 'ya'yanku da Hausa.

Saura bidiyon. Da na fito daga makarantar ranar nan, wata ɗaliba ta biyo ni har dandalin jiran jirgi. Zan kira ta Rumaisa, ba sunanta ke nan ba. Ta ce ta ji abin da na tambayi Malama, ta kasa barci tun da abin ya fara, kuma ta yarda in rubuta.

A nan aka haife ta, ba ta taɓa zuwa Najeriya ba. Hutun da ya wuce ne aka shirya kai ta ta ga kakarta karo na farko. Ta ji ana cewa ana durƙusa wa tsofaffi in za a gaishe su, ba ta san yadda ake yi ba. Ta tambaya a gida, aka ce mata in ta je za ta gani. Sai ta roƙi Malama, bayan an tashi darasi, ta zauna a kujera ta zama kakarta, ita kuma ta gwada durƙuson da "ina wuni". Wata ƙawarta ta ɗauka don tsokana, ta ɗora a wayarta, daga nan ya zaga.

Wanda ya fara tura shi zauren iyaye na waya, ya rubuta "sujada" a ƙasa, mahaifin Rumaisa ne. Ta bayanta aka ɗauki bidiyon, bai gane 'yarsa ba.